TUN RAN GINI, RAN ZANE: NAƘASASSU DA NEMAN GIDA A SHAFUKAN INTANET



Batun da aka ba ni dama in yi magana a kansa shi ne shafukan intanet na cinikin gidaje da filaye da ba da haya, da kuma yadda za a tsara su ta hanyar da makaho da kurma da gurgu da mai raunin hannu za su iya amfani da su da kansu. Na sani sarai akwai wanda zai ce a ransa, mutanen da yawancinsu ke faman neman abin kai wa bakin salati, ina su ina shafin intanet? To, ina roƙon mai wannan tunani ya ba ni aron hankalinsa na ɗan lokaci. Abin da nake so in tabbatar a gabanku guda ɗaya ne tak. Cinikin gida a Birnin Kebbi da Argungu yana tashi daga bakin dillali yana komawa fuskar waya, kuma idan ba mu kula ba tun yanzu da abin yake ɗanye, za mu wayi gari mun rufe wa dubban 'yan'uwanmu wata ƙofa wadda kakanninmu, duk da ƙarancin kayan aikinsu, suka bar musu a buɗe. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.

JIYA DA YAU

Bari mu fara da abin da aka saba. A da, kuma har gobe a unguwanni da dama, mai neman gida ko fili wajen dillali yake zuwa. Sai ya same shi a gindin itace ko a bakin kasuwa, su gaisa, ya faɗa masa abin da yake so da abin da aljihunsa zai iya. Dillali kuwa sai ya shiga zayyana masa da baki: gida ne mai ɗaki uku, akwai rijiya a tsakar gida, ƙofarsa tana duban gabas, maƙwabcinka na dama malami ne, na hagu mahauci. Kowa ya san dillali da ƙarin gishiri, wani ma yakan ci la'ada ta fuska biyu. Amma ku lura da abu ɗaya, wannan ciniki duk na baki da kunne ne. Makaho yana iya tambaya a ba shi amsa, ya sake tambaya, ya kama dillali da ƙarya idan maganarsa ta farko ta saɓa da ta biyu. Har ila yau, a masarautun ƙasar Hausa akwai sarautu irin su Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda kan shige wa mutanensu gaba a fada ko a wajen mai unguwa idan maganar mazauni ta taso. Tsohon tsarin yana da nasa cikas, don kuwa kurma yakan sha wuya a cikinsa, gurgu kuma sai an yi ta yawo da shi gida gida. Duk da haka, ba wanda aka ce masa sai ya karanta wani abu kafin a saurare shi.

Yau fa? Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ta zama babban birni, ma'aikata suka kwararo, gari ya miƙe zuwa Gesse da Badariya da Bayan Kara da Gwadangaji. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ga Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013. A Argungu ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie, ga masana'antar shinkafa da aka buɗe a 2017, ga kuma bikin kamun kifi da al'adu wanda ya samo asali tun 1934, wanda kan cika gari da baƙi masu neman masauki. Ɗalibi daga Zuru, malamar asibiti daga Yawuri, ɗan bautar ƙasa daga kudu, kowa yana son ya san inda zai sa haƙarƙarinsa tun kafin ya hau mota. Saboda haka dillali ya sayi babbar waya. Yanzu hotuna yake ɗauka ya watsa a WhatsApp da Facebook, masu gina rukunin gidaje suna buɗe shafukansu, ga kuma manyan shafukan ƙasa baki ɗaya irin su PropertyPro da Jiji.

Gwamnati ma ta bi sahu. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, wato shi ke ba da takardar shaidar mallaka, kuma jihohi sun yi ta mayar da rajistar filaye cikin kwamfuta: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KEBGIS a nan gida. A 2021 Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta buɗe shafin intanet domin sayar da gidajen da ta gina a jihohi, yadda mai so zai cika takardar nema daga inda yake. Wannan ci gaba ne, kuma yana rage 'yan kan-ta-waye da masu cewa sai ka san wani. Sai dai fa duk ranar da shafi ya zama shi ne hanyar shiga, wanda shafin ya ƙi karɓa ya rasa gida ke nan tun kafin a duba cancantarsa.

SU WANE NE MUKE MAGANA A KANSU?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani. Mutum ɗaya ke nan cikin kowane shida. A nan Nijeriya, binciken makanta na ƙasa da aka gudanar daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, wato mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma mafi yawan wannan makanta daga cututtukan da ake iya karewa ko warkarwa take, irin su yanar ido. Mu a Arewa mun san amodari, mun kuma san shan inna. A watan Agusta na 2020 aka tabbatar cewa an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka, amma yaran da ta taɓa kafin nan suna nan tare da mu, sun girma, wasunsu suna cikin ajinmu, wasu sun kama aiki, suna shirin aure, suna neman gida. Ku haɗa da waɗanda hatsarin babur ya karya, da masu shanyewar ɓarin jiki, da tsofaffin da ido da kunne suka fara gajiya. Wanda yake ganin wannan magana ba ta shafe shi ba, ya tuna cewa idan Allah ya yi masa tsawon rai, da ƙafarsa zai shiga wannan sahu.

Kada kuma mu ɗauka cewa duk mai naƙasa mabaraci ne. Tun 1953 aka buɗe makarantar makafi a Gindiri, kuma daga 2017 hukumar JAMB ta kafa kwamiti na musamman mai shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a. Akwai makafi lauyoyi da malamai, akwai kurame teloli da kafintoci, akwai guragu ma'aikatan gwamnati waɗanda ake cire musu kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu zuwa Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, daidai da kowa. Wanda aka karɓi kuɗinsa ba tare da an duba idonsa ko ƙafarsa ba, ai bai kamata a ce sai da ido zai nemi gidan da aka gina da wannan kuɗi ba.

YADDA MAKAHO KE KARANTA WAYA

Wataƙila wani yana mamaki, yaya makaho zai yi amfani da waya mai gilashi santsi wadda ba ta da madannai? Amsar tana cikin aljihun kowannenku. A cikin kowace wayar Android akwai manhaja mai suna TalkBack, a iPhone kuma akwai VoiceOver. Idan aka kunna ta, duk inda yatsa ya taɓa sai waya ta faɗi abin da ke wurin da murya, mutum ya riƙa jan yatsa daga wannan abu zuwa wancan har ya iso inda yake so, sa'an nan ya ƙwanƙwasa sau biyu. A kwamfuta akwai NVDA, wadda wasu makafi biyu 'yan ƙasar Ostareliya suka soma ƙirƙirowa a 2006, kuma kyauta ake samunta. Irin wannan manhaja ita ce ɗan jagoran zamani, ba ta gajiya, ba ta kuma kai labarin maigidanta waje.

Amma tana da iyaka. Rubutu take karantawa, da kuma bayanin da mai gina shafi ya ɓoye a bayan kowane hoto da kowane maɓalli. Idan bai rubuta kome ba, sai ta ce "hoto", ta wuce, ta sake cewa "hoto", ta ce "maɓalli", ba tare da ta san na mene ne ba. Dillalin zamani kuwa ya riƙe karin maganar nan ta gani ya kori ji, sai ya jera hoto goma sha biyu ya rubuta a ƙasa, "Gida na haya, a kira wannan lamba." Sau da yawa ma har kuɗin hayar da lambar wayar a jikin hoton yake rubuta su. Ga mai ido, talla ta cika. Ga makaho kuwa, daidai yake da a miƙa masa farar takarda.

Ga wasu ƙofofin da akan rufe ba da niyya ba.

Na farko, takardar cikewa. Idan ba a maƙala wa kowane gurbi sunansa ba, makaho ba zai san inda zai sa sunansa da inda zai sa lambar shaidar ɗan ƙasa ba. Idan ya yi kuskure kuma aka nuna masa ta hanyar mayar da gurbin ja kawai, ba zai san an yi ba.

Na biyu, gwajin nan na tantance mutum, inda ake cewa ka zaɓi hotunan da ke da mota ko ka kwafi wasu karkatattun haruffa. Wannan katanga ce sosai, sai fa in an tanadi wata hanya ta daban.

Na uku, launi. Mai sayar da fuloti yakan zana taswira ya ce ja an sayar, kore yana nan. Akwai mutane da yawa, galibinsu maza, da ba sa bambance ja da kore. Haka nan rubutu mai ruwan toka a kan fari yana wahalar da mai raunin gani, balle a tsakar ranar Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, lokacin da mai lafiyar ido ma sai ya kare waya da tafin hannu.

Na huɗu, murya. Abin da ya yi wa makaho daɗi shi ne ke cutar kurma. Dillalanmu suna son saƙon murya da bidiyon zagaya gida ana bayani da baki, kuma ba su da wata hanyar tuntuɓa sai kira. Kurma yana bukatar rubutu a ƙasan bidiyo da damar aika saƙo a rubuce. Rubutun kuma ya zama mai sauƙi, gajerun jimloli, domin yawancin waɗanda aka haifa da kurumta maganar hannu ce harshensu na farko.

Na biyar, hannu. Wanda kuturta ta taɓa yatsunsa, ko mai karkarwa, ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya saitar ɗan ƙaramin maɓalli, wani ma ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta sai dai madannai. Idan kuma shafi ya ba da minti biyu kacal a gama cikewa ko a koma farko, to an kore shi.

Na shida, takardun da aka ɗauka a hoto. Yarjejeniyar haya ko sharuɗɗan sayen fili, in hotonsu aka ɗauka aka ɗora, manhaja ba ta da tabbacin karanta su daidai. Mutum zai sa hannu ke nan a kan abin da wani ya ce masa an rubuta.

Na bakwai, harshe. Shafin da aka rubuta da Hausa dole mai gina shi ya sanar da na'ura cewa Hausa ce, ya kuma yi amfani da haruffanmu masu ƙugiya yadda ya kamata. In an rubuta kofa a maimakon ƙofa, ko daki a maimakon ɗaki, mai ido zai gane daga hoto, mai saurare kuwa sai ya yi ta lalube.

Wannan matsala ba ta tsaya a kanmu ba. Wata cibiya a Amurka mai suna WebAIM takan auna shafukan farko na manyan dandaloli miliyan ɗaya na duniya kowace shekara, kuma a 2024 ta sami kurakurai irin waɗannan a kusan kashi 96 cikin 100, fiye da rabinsu ma suna da hotunan da ba bayani. Su can sun riga sun gina, yanzu rushewa suke suna gyara. Mu da muke kan aza tubali, ba mu da dalilin maimaita kuskurensu.

ƘOFA TA BIYU

Ko da shafi ya karantu sarai, aiki bai ƙare ba, domin akwai ƙofa ta biyu, wato ta gidan kansa. Tallar gida a wurinmu takan faɗi yawan ɗakuna da tayil da silin da rijiyar burtsatse. Ba ta faɗin abin da mai keken guragu yake son ji. Matakala nawa ce daga titi zuwa falo? Akwai lambatu a ƙofar gida, in akwai, an rufe shi? Dokin ƙofa yana da tsawo? Faɗin ƙofar makewayi nawa ne, kuma masai na zama ne ko na tsuguno? Hanyar unguwar yashi ce mai cafke ƙafar keke? Ruwa yana kwanciya da damina?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi a ƙasar da ke bakin Gulbin Rima. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020, wadda ta cinye gonakin shinkafa a fadamun jihar nan ta kuma rushe gidaje, ya san dalilin da ya sa maginanmu ke ɗaga harsashin gida sama. Dabara ce mai kyau, amma tana zuwa da matakala. Bari mu yi ɗan lissafi. Ƙa'idar da aka fi bi a duniya ita ce, kowane santimita 1 na tsawo yana bukatar santimita 12 na hanya mai gangara, in ana so mai keke ya hau da kansa. Matakala uku masu santimita 15 kowace sun ba da santimita 45, wato ana bukatar gangara mai tsawon mita 5.4 ke nan. Ƙofa kuma ya kamata ta kai wajen santimita 80 a buɗe. Idan talla ta faɗi waɗannan alƙaluma, gurgu da ke Argungu zai san ko ya dace ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi ya duba gida ko ya yi zamansa. In ba ta faɗa ba, sai ya sha jigila, a ɗauke shi a sauke, ya biya kuɗin ganin gida, sa'an nan ya tarar kekensa ba ya shiga makewayi. Abin da ake bukata a nan igiyar awo ce da layi shida na rubutu.

ME DOKA TA CE?

A watan Disamba na 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Naƙasassu, Nijeriya kuma ta tabbatar da ita a 2010. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya ambaci gidaje, ya kuma ambaci intanet da sunanta a cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa musu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan Dokar Hana Nuna Wa Naƙasassu Bambanci ta 2018. Dokar ta haramta nuna bambanci saboda naƙasa ta kowace fuska, ta sa tarar naira 1,000,000 ga kamfani, da naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a, wa'adin kuwa ya cika tun Janairu na 2024. Ta ce a duk inda makaranta ko ma'aikata ko gwamnati ke ba da masauki, a fara duba naƙasassu. Ta kuma tanadi hukunci a kan jami'in da ya amince da zanen ginin jama'a wanda ya saɓa wa ƙa'idar gini. Yayyenmu na ma'aikatar filaye da na raya birane, wannan sashe da ku yake. A 2020 aka kafa Hukumar Naƙasassu ta Ƙasa domin lura da aiwatar da dokar.

Game da yadda za a gina shafin kuwa, ba sai mun ƙirƙiro kome ba. Ƙungiyar W3C, wadda ke tsara ƙa'idojin shafukan intanet na duniya, ta fitar da jagora mai suna WCAG tun 1999, ta sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023. Ginshiƙansa huɗu ne: abin da ke shafi ya isa ga mutum ta ido ko kunne ko taɓawa, mutum ya iya sarrafa shi, ya fahimce shi, kuma ya yi aiki da kowace irin na'ura. Kyauta ne ga duk mai son karantawa. A wasu ƙasashe an kai ga shari'a a kan wannan. A shekarar 2000 wani makaho mai suna Bruce Maguire ya kai ƙarar masu shirya wasannin Olamfik na birnin Sidni saboda shafinsu, ya yi nasara, aka ba shi diyyar dalar Ostareliya 20,000. A 2008 kamfanin kantunan Target na Amurka ya yarda ya biya dala miliyan 6 bayan ƙungiyar makafin ƙasar ta kai shi kotu. Tarayyar Turai kuma, daga 28 ga Yuni, 2025, ta wajabta wa shafukan ciniki da na bankuna su zama masu shiguwa ga naƙasassu.

UZURI UKU DA AMSARSU

Na san uzurin da za a kawo. Na ɗaya, za a ce tsada. Rubuta jimla ɗaya a bayan hoto ba ya cin ko kwabo. Zaɓen baƙin rubutu a kan fari maimakon ruwan toka ba ya cin ko kwabo. Tsada tana zuwa ne idan an gama gini aka ce a fasa, kamar mai gidan da ya tuna da magudanar ruwa bayan ya yi daɓe.

Na biyu, za a ce masu sayen ba su da yawa. Mun dai ji alƙaluma. Bugu da ƙari, gyaran da aka yi don mai naƙasa kowa yake amfana. Shafi mai rubutu sosai da hotuna marasa nauyi shi ne ke buɗewa a ƙauyen da sabis ke rawa, shi ne kuma ba ya cinye wa ɗalibi data. Bayani da murya yana taimakon manomin da bai yi boko ba. Gangarar da aka yi don keken gurgu ita tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta bi, ita mai baro zai bi.

Na uku, kuma shi ne ya fi shiga zuciya, za a ce ai mu muna da zumunci, ɗan'uwa zai cika masa. Zumunci alheri ne, Allah ya bar mu da shi. Amma ku tambayi kanku, waye a cikinku zai so ya miƙa wa ƙaninsa ko yaron shagon intanet lambar bankinsa da takardar albashinsa da lambar sirrin katinsa duk lokacin da zai biya haya? Cinikin fili ya riga ya yi suna wajen rikici, ana sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu ko uku. Wanda ba zai iya karanta takarda da kansa ba shi ne farkon wanda macuci zai nufa. Taimakon da mutum ya nema don ransa ya so daban yake da wanda aka tilasta masa saboda sakacin mai gina shafi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

'Yan'uwana ɗalibai, musamman masu karatun kwamfuta da zanen gine-gine da safiyo da kula da kadarori, nan da 'yan shekaru ku ne za a ba kwangilar waɗannan shafuka. Ina ba ku shawarar gwaji mai sauƙi a daren yau. Kowa ya kunna TalkBack a wayarsa, ya rufe ido, ya yi ƙoƙarin nemo ɗaki ciki da falo a Birnin Kebbi, ya ga inda zai tsaya. Mai kwamfuta ya cire linzami ya bi shafi da madannai kaɗai. Wanda ya yi wannan na minti goma ba zai sake gina shafi kamar da ba. Masu neman batun kundin kammala digiri kuma, ga batu a ƙofar gida.

Ƙungiyar Ɗalibai ta fara da kanta. Duk shekara sababbin ɗalibai suna neman ɗakunan haya a wajen makaranta. Ƙungiya tana iya tattara jerin waɗannan gidaje a rubuce, da bayanin matakala da faɗin ƙofa da irin makewayi da nisan gida daga titi, ta kuma roƙi hukumar makaranta a keɓe ɗakunan ƙasa na gidajen kwana ga masu bukatarsu kamar yadda doka ta ce.

Yayyenmu ma'aikata, ku ne ke rubuta takardar kwangila da takardar shawara zuwa ga babban sakatare. Ku sa layi ɗaya a ciki, cewa ba za a karɓi shafi ba, ba za a biya kuɗin ƙarshe ba, sai ya cika ƙa'idar WCAG a matakinta na tsakiya, kuma sai makafi da kurame da guragu sun gwada shi da hannunsu, an biya su ladan aikinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuma bar teburi ɗaya a ofis da mutum a zaune, domin wanda ba shi da waya ko karatu, kada shafi ya zama dalilin korar talaka.

Dillalai kuwa ba abokan gaba ba ne, iyayenmu ne da yayyenmu, kuma sun fi kowa iya siffanta gida. Abin da za mu roƙe su shi ne, bayanin nan da suka saba yi da baki a gindin itace su riƙa haɗa shi da hoto: a rubuta kuɗi da unguwa da lamba a fili, a ƙara da saƙon murya, a kuma amsa wa wanda ya rubuto kamar yadda ake amsa wa wanda ya kira. Ɗalibi ɗaya da ya zauna da dillalin unguwarsu na rabin sa'a zai iya koya masa wannan.

Jama'a, shafukan gidaje na Birnin Kebbi da Argungu yanzu ake yin su, yawancinsu ma ba a fara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan muka yi shiru, nan da shekara goma za a kira wani taro irin wannan a nemi kuɗin gyara, alhali kuwa yau da ɗan kula kawai za a gama. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka kowa ya kama inda ya fi kusa da shi: ɗalibi a kwamfutarsa, ma'aikaci a fayil ɗinsa, dillali a wayarsa.